2,147,483,647: yadda sanin asalin lamba ya mayar da aikin dubbai zuwa matakai ashirin da tara

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A rubuce, 2,147,483,647. Da mutum zai zauna ya fara ƙirge daga ɗaya, lamba guda kowane sakan, ba ci ba sha ba barci, sai ya shekara sittin da takwas kafin ya iso gare ta. Duk da wannan girma nata, babu lambar da ke raba ta daidai ba saura, in ban da ɗaya da ita kanta.

Mai kasa tumatir a kasuwa ta san irin wannan ko ba ta taɓa shiga aji ba. In guda goma sha biyu gare ta, ta ga dama ta kasa su bibbiyu, ko uku-uku, ko hurhuɗu, ko shida-shida, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa. In goma sha uku ne kuwa, duk yadda ta juya sai an sami wanda ya yi saura. Sai dai ta zube su kashi guda, ko ta jera su ɗai-ɗai. Irin su 13 ne ake ce wa lambobin firam a darasin lissafi: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka har ba iyaka. Da za a ce in yi musu kirari, gagara-rabo zan ce. Wadda muke magana a kanta ita ce ta 105,097,565 a jerinsu.

A makaranta akan koya wa yara rabe-raben lambobi kamar haddar sunaye ce kawai, wannan sunanta kaza, waccan sunanta kaza, a rubuta a jarrabawa a manta. Tarihin wannan lamba guda ya isa ya nuna cewa ba haka abin yake ba. Duk lokacin da masana suka ƙara sanin gidan da ta fito, sai wahalar tabbatar da ita ta ragu, har abin da ya fi ƙarfin mutum ya zama aikin yini guda da takarda da biro.

Gidan da ta fito

Ɗauki 2 ka yi ta ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128. A karo na talatin da ɗaya za ka tsaya a kan 2,147,483,648. Cire ɗaya, ka sami lambarmu. Shi ya sa ake rubuta ta a gajarce 2³¹ − 1. Duk lambar da aka samu ta wannan hanya, ninkin biyu a cire ɗaya, ana kiranta lambar Mersenne.

Dokar gidan ta farko tana kan 'yar lambar nan da ke sama. In ita tana rabuwa, to babbar ma dole ta rabu. Misali 2¹⁵ − 1, wato 32,767. Tunda 15 uku ce sau biyar, to 2³ − 1 da 2⁵ − 1, wato 7 da 31, duk suna shiga cikinta, kuma in ka gwada za ka tarar 32,767 daidai take da 7 × 31 × 151. Saboda haka mai neman firam a wannan gida ba ya ɓata lokaci sai a kan waɗanda lambar samansu firam ce.

Da farko abin yana tafiya kamar an shirya: 2 ta ba da 3, 3 ta ba da 7, 5 ta ba da 31, 7 ta ba da 127, duk firam. Da aka zo 11 sai tafiya ta karye. 2¹¹ − 1 ita ce 2,047, kuma 23 sau 89 ce. Kama da wane ba ta wane. Daga nan 13 da 17 da 19 suka ba da 8,191 da 131,071 da 524,287, duk firam, sai 23 da 29 suka fāɗi, sannan 31 ta tsaya. Ke nan lambarmu ita ce ta takwas cikin firam ɗin gidan Mersenne. Bayanta 37, 41, 43, 47, 53 da 59 duk sun rabu, ba a sake samun wata ba sai a 61.

Me ya sa mutanen da suka damu da wannan gida? Saboda cikakkun lambobi. Cikakkiyar lamba ita ce wadda in ka tara duk ƙananan lambobin da ke raba ta sai su ba ka ita cif: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 kuma 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Euclid na Iskandariyya ya nuna cewa duk firam ɗin da ta fito daga wannan gida tana haifar da cikakkiyar lamba: 3 × 2 ya ba da 6, 7 × 4 ya ba da 28, 31 × 16 ya ba da 496, 127 × 64 ya ba da 8,128. Malaman lissafi na duniyar Musulmi sun gāji wannan bincike suka ƙara a kai. A ƙarni na 13, Isma'il ibn Fallus ya kawo ta biyar da ta shida da ta bakwai daidai, 33,550,336 da 8,589,869,056 da 137,438,691,328, ko da yake ya haɗa da wasu da daga baya aka gano ba cikakku ba ne. Ta takwas ita ce ke rataye a wuyan lambarmu: 2³⁰ sau 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128.

Waɗanda suka yi zato

A 1588, Pietro Cataldi na birnin Bologna a Italiya ya tabbatar da 131,071 da 524,287 da hannu, ta hanyar raba su da kowace firam ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa ba. In lamba tana rabuwa gida biyu, ba yadda za a yi duka biyun su zama manya, dole ɗaya ta kasance ba ta wuce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da uwar ba. Ga 524,287 wannan iyaka ita ce 724, kuma firam 128 ne kacal a ƙasa da ita. Aiki ne mai gajiyarwa, amma mai haƙuri zai gama shi.

Daga nan Cataldi ya zarce ya ce 23 da 29 da 31 da 37 ma duk za su ba da firam. Waɗannan bai gwada su ba, kuma cikin huɗun uku kuskure ne. A 1644 Marin Mersenne, wani malamin cocin Katolika a Faransa wanda yake musayar wasiƙu da manyan masanan zamaninsa, ya fitar da nasa jerin: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Shi ma 67 da 257 kuskure ne, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Gidan ya ci sunansa duk da haka.

Dukansu biyun sun dace a kan 31. Amma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ban san fagen da wannan magana ta fi zama daram kamar lissafi ba. Bakunan da suka ce 31 su ne ɗaya ya ce 23, ɗaya ya ce 67. Mai sauraro ba shi da hanyar bambance inda aka dace da inda aka zame. Ba don lalaci suka tsaya a zato ba, aikin ne ya yi musu yawa: ga lambarmu iyakar ita ce 46,340, kuma akwai firam 4,792 a ƙasa da ita. Kowace sai an yi doguwar rabawa da lamba mai alƙaluma goma, kuskure guda kuma ya ɓata komai. Kafin ma a fara, sai an mallaki amintaccen jerin firam ɗin.

Rariya biyu

Rariya ta farko daga Pierre de Fermat ta fito, ma'aikacin shari'a a birnin Toulouse wanda lissafi ya zame masa abin sha'awa. A nan nake so mai karatu ya ɗan rage sauri, don a nan zuciyar maganar take.

Mu koma ga 2,047 da 23 da ke raba ta. Fara da 1 ka riƙa ninkawa biyu, duk sa'ad da ka wuce 23 sai ka cire 23, kamar yadda agogo ke komawa ɗaya bayan sha biyu. Za ka sami 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. Ƙirga su: a mataki na goma sha ɗaya ka dawo kan 1. Wannan dawowa a mataki na 11 ita ce ma'anar cewa 23 tana raba 2¹¹ − 1. To Fermat ya gano cewa ga kowace firam wuturi, wannan zagaye dole ya faɗo kan 1 a matakin da ya gaza ta da ɗaya. Ga 23, mataki na 22 ke nan. In kuwa zagayen yana dawowa duk bayan mataki 11, kuma dole ya dawo a na 22, to 11 tana raba 22. Haka yake ga 89: cire ɗaya saura 88, 11 sau 8.

Abin da wannan ke nufi shi ne duk firam ɗin da za ta raba lambar gidan Mersenne mai lambar sama firam wuturi tana ɗauke da tsagar gidan a fuska. In ka cire mata ɗaya, lambar sama za ta raba abin da ya rage, kuma tunda abin da ya ragen shafa'i ne, ninkin lambar saman ma zai raba shi. Ga 2²³ − 1 sai a duba 47, wato 46 da ɗaya, kuma gwajin farko ya kama: 47 × 178,481. Ga 2³⁷ − 1 sai a duba 75, 149, 223. Ta farko ba firam ba ce, ta biyu ba ta shiga, ta uku ta raba. Haka Fermat ya rushe biyu daga cikin zaton Cataldi a 1640. Ga 2²⁹ − 1 kuma 233 ce, 58 sau huɗu da ɗaya, wadda Leonhard Euler ya gano daga baya.

A kan lambarmu, rariyar Fermat ta ce kada a kula kowa sai 63, 125, 187, 249, 311, haka ana ƙara 62. Daga nan zuwa 46,340 guda 747 ne.

Rariya ta biyu ta Euler ce. Duk firam ɗin da ke raba irin wannan lamba, in aka raba ta gida 8 saura zai zama 1 ko 7, ba ya zama 3 ko 5. Gwada da waɗanda muka riga muka gani: 23 saura 7, 89 saura 1, 47 saura 7, 223 saura 7, 233 saura 1. In aka ɗora wannan rariya a kan ta farko, rabi ya zube. 63 ta wuce, 125 da 187 sun fita, 249 ta wuce, 311 ta wuce. Abin da ya rage layi biyu ne: masu siffar 248 sau wani abu a ƙara 1, da masu siffar 248 sau wani abu a ƙara 63. Gaba ɗayansu ba su kai 380 ba, kuma mafi yawansu ba firam ba ne ma balle a gwada su. 63 tara ce sau bakwai, 249 uku ce sau 83. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311.

Na zauna na yi wannan rabawar da biro, don in ji abin da hannu ke ji. 311 tana shiga 2,147,483,647 sau 6,905,092, saura 35. Ba ta raba ba. Mintoci kaɗan ta ci. Wanda ya yi guda ɗaya zai gane bambancin da ke tsakanin a ce masa saura dubu huɗu da ɗari bakwai da a ce masa saura 'yan gomomi.

A wata wasiƙa ta 1772 zuwa ga ɗaya daga cikin masanan gidan Bernoulli, Euler ya bayyana cewa ya bi waɗannan layuka biyu har ƙarshe, ba wadda ta raba. A lokacin yana birnin Saint Petersburg na Rasha, shekarunsa sittin da biyar. Idonsa na dama ya daɗe da mutuwa, na hagu ma ya kusa tafiya gaba ɗaya, ga shi shekara guda kafin nan gobara ta cinye gidansa. Yawancin aikinsa a wannan shekarun da baki yake faɗa ana rubuta masa. Daga wannan wasiƙa 2,147,483,647 ta zama firam mafi girma da ɗan Adam ya tabbatar, ta kuma riƙe wannan matsayi kusan ƙarni guda. Shi dai Euler ɗin ne ya cike ɗaya ɓarin maganar Euclid, ya nuna cewa duk cikakkiyar lamba shafa'i daga gidan Mersenne take fitowa, babu wata hanya. Ko akwai cikakkiyar lamba wuturi, wannan tambaya har yau tana nan a buɗe.

Matakai ashirin da tara

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Édouard Lucas na Faransa ya zo da hanyar da ba ta neman mai rabawa sam. A 1876 ya yi amfani da ita ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, lamba mai alƙaluma 39, da hannu. A 1930 Derrick Lehmer na Amurka ya gyara hanyar ta zama yadda ake amfani da ita yau.

Ga yadda take. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2. Abin da ka samu, sake ninka shi da kansa, cire 2. Duk sa'ad da ya wuce lambar da kake gwadawa, raba ka riƙe saura kawai. Yawan matakan shi ne lambar sama a cire biyu. In ka ƙare a kan sifili, firam ce. In ba haka ba, tana rabuwa.

Gwada da 127, wadda lambar samanta 7 ce, matakai biyar ke nan: 14, 67, 42, 111, sannan 111 sau 111 a cire 2 ya ba da 12,319, wanda yake 127 sau 97 cif. Sifili. Gwada da 2,047, matakai tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba sifili ba, don haka tana rabuwa, ko da yake gwajin bai faɗa maka 23 ko 89 ba. Haka Lucas ya san 2⁶⁷ − 1 ba firam ba ce tun ba a san masu raba ta ba, sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da su: 193,707,721 da 761,838,257,287.

Ga lambarmu matakan 29 ne. Tana farawa 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, daga nan a fara ragewa, a na ashirin da tara a sauka kan sifili. Wannan gwaji ba ya aiki a kan kowace irin lamba, na 'yan gidan Mersenne ne. Shi ya sa tun 1952, lokacin da Raphael Robinson ya samo biyar a shekara guda da kwamfuta, kusan kullum firam mafi girma da aka sani daga wannan gida take. Wadda aka samo a Oktoban 2024, 2 mai lambar sama 136,279,841 a cire ɗaya, tana da alƙaluma 41,024,320, kuma ita ce ta 52 da aka sani a gidan.

Inda take da dangi da inda ba ta da su

Lambar samanta, 31, ita kanta 'yar gida ce, don 2⁵ − 1 ce. Ke nan lambarmu Mersenne ce 'yar Mersenne, ta uwa ta ɗiya. Irin waɗannan huɗu kawai aka sani: 7, 127, 2,147,483,647 da 2¹²⁷ − 1 ɗin Lucas.

Ba ta da tagwaici. Firam tagwaye su ne masu tazarar biyu, kamar 11 da 13. Ƙara mata biyu ka sami lambar da 3 ke rabawa, rage mata biyu ka sami mai ƙarewa da 5. Maƙwabciyarta ta baya ita ce 2,147,483,629, ta gaba kuma 2,147,483,659. Sai dai akwai wani abin sha'awa a wancan gefe: in ka raba 2,147,483,649 gida uku, 715,827,883 da ka samu firam ce.

Ba ta cikin ajin da ake jingina wa masaniyar lissafi 'yar Faransa Sophie Germain, waɗanda in an ninka su biyu an ƙara ɗaya sai a sake samun firam. Tata tana ba da 4,294,967,295, wadda take 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537. Waɗannan biyar su ne duk firam ɗin da aka sani a wani gidan lambobi daban mai sunan Fermat. In an raba ta gida huɗu saura 3, saboda haka ba za a taɓa rubuta ta a matsayin jimlar lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta ba, yadda 13 take 4 da 9. Waɗannan siffofi ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba, wasu ado ne kawai. Wadda za ta yi mana aiki nan gaba ita ce ta lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya: 2,147,483,646 daidai take da 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331.

A cikin kwamfuta

A 1811 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa cikakkiyar lambar nan ta takwas ita ce mafi girma da aka sani, kuma da wuya a sami wadda ta fi ta, don irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marasa amfani, ba wanda zai wahalar da kansa ya wuce nan. A zamaninsa maganar ba ta wauta ba ce. Yau kuwa da wuya a sami wayar hannu ko kwamfutar da wannan lamba ba ta zaune a wani lungu nata. Sai dai ta shiga ta ƙofa biyu ne, kuma mutane da yawa suna gwama su.

Ƙofa ta farko ba ruwanta da zama firam. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirge. An daɗe ana ware gurbi 32 don ajiye lamba guda, gurbi ɗaya na nuna ko lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, saura 31. In aka cika su duka da ɗaya, abin da ya fito shi ne 2,147,483,647. Nan ne bakin mudu. Ƙara ɗaya a kai, a na'urori da yawa lissafin sai ya kife ya koma −2,147,483,648. Manhajar da ke ajiye kuɗi a kwabo cikin irin wannan gurbi ba za ta iya riƙe abin da ya wuce naira 21,474,836 da kwabo 47 ba. A Disambar 2014 YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, saboda bidiyon waƙar Gangnam Style ya kai wannan iyaka. A 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin kula da lantarki na jirgin Boeing 787 za su iya ɗaukewa in sun kwana 248 a kunne ba a kashe ba. In ka ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na sakan sau 2,147,483,647, kwana 248 da rabi za ka samu.

Akwai kuma wadda ke tafe. Na'urori masu yawa suna sanin lokaci ne ta ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairun 1970. Shekara sittin da takwas ɗin nan da muka faɗa a farko za su cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato huɗu da minti sha huɗu na asuba a Najeriya da Nijar. Na'urar da ba a gyara ba, sakan guda bayan nan za ta ɗauka tana cikin Disambar 1901. Sababbin na'urori sun koma gurbi 64, abin damuwar tsofaffi ne da ke binne cikin injuna ba mai tunawa da su.

Shaidar cewa zama firam ba shi da hannu a nan ita ce iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, wadda muka ga tana rabuwa, iyakar gurbi 64 kuma 9,223,372,036,854,775,807 ce, wadda 7 ke rabawa. Duk suna aikinsu lafiya.

Ƙofa ta biyu ita ce ta firam. Kwamfuta takan buƙaci lambobi masu kama da na ƙuri'a, don gwaje-gwajen kimiyya ko wasanni ko zaɓen samfuri. Lehmer ɗin nan dai shi ya kawo dabara mai sauƙi: ɗauki lamba, ninka ta da wata tsayayyiyar lamba, raba da wata babba, riƙe saura, maimaita. Matsalar ita ce zagayen kan dawo inda ya fara, kuma ana so ya yi nisa kafin ya dawo. Gwada da 15 a matsayin babbar: ninka da 2 ka sami 2, 4, 8, 1. Ninka da 7 ka sami 7, 4, 13, 1. Duk wadda ka zaɓa ba za ka wuce mataki huɗu ba. Gwada da 31, wadda take firam, kana ninkawa da 3: 3, 9, 27, 19, 26, 16, 17, 20, 29, 25, haka za ka bi ta kan duk lambobi talatin kafin ka dawo 1. Firam ce kaɗai ke ba da damar a zagaye kowa da kowa haka.

Amma sai an zaɓi maninki mai kyau. A kan lambarmu, in ka ninka da 2 zagayen mataki 31 ne kacal. In ka ninka da 7, sai ka taka duk lambobi 2,147,483,646. Haka ma 7 × 7 × 7 × 7 × 7, wato 16,807, kuma dalilin yana cikin jerin nan na sama: babu 5 cikin masu raba 2,147,483,646, don haka tsallen biyar-biyar ba ya gajarta zagayen. An yi amfani da 16,807 a kwamfutocin IBM tun 1969, a 1988 kuma Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin ma'aunin da za a yarda da shi. In ka fara da 1 za ka sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, sai 984,943,658. Har yau tana cikin kayan aikin harshen rubuta manhaja na C++. Ba a tsare sirri da ita, don wanda ya ga lamba guda ya san ta gaba. A nan siffofin biyu suka haɗu: zamanta firam ya ba da dogon zagaye, zamanta 'yar gidan Mersenne kuma ya sa ta cika gurbin daidai, ya kuma sauƙaƙa neman saura, kamar yadda ɗalibi ke sanin sauran rabawa da 9 ta hanyar tara alƙaluman lamba.

Ɗiyarta

Tunda 31 ta haifi firam, ita kuma wannan firam ɗin fa, in aka ɗora ta a sama? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka mutum zai so ya ce. Lambar da za ta fito, 2 mai lambar sama 2,147,483,647 a cire ɗaya, tana da alƙaluma sama da miliyan 646, ta ninka wadda aka samo a 2024 tsawo fiye da sau goma sha biyar. Gwajin Lucas da Lehmer a kanta zai buƙaci matakai sama da biliyan biyu, kowane mataki ninkin lamba mai wannan tsawo.

Ba a buƙaci wannan ba, rariyar nan biyu aka koma wa. Mai raba ta dole ya zama ninkin 4,294,967,294 a ƙara ɗaya, kuma in an raba shi gida 8 saura 1 ko 7. Kwamfuta ta bi layin ɗaya bayan ɗaya, yadda Euler ya bi nasa. A kan 4,294,967,294 sau 68,745 a ƙara ɗaya aka tsaya: 295,257,526,626,031. In ka raba ta gida 8 saura 7, kuma tana raba ɗiyar ba saura. Haka ta faru da 'ya'yan 8,191 da 131,071 da 524,287, duk an sami masu raba su. Ta gaba a layi ita ce ɗiyar 2⁶¹ − 1, kuma ana nan ana tace mata.